Na kwana da yunwa a gidan Ba'amurke, ga firij cike da abinci

Ɗan Fagge a Minnesota:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan da 'yan kwanaki da zuwana karatu jihar Minnesota, kuma wani abu ya same ni makon jiya da har yanzu na rasa ko kaina zan yi wa dariya ko mutanen zan ji wa haushi. Ga shi nan, ku yi mana alƙalanci.

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar bikinsu na Godiya. Makaranta watsewa take yi, ɗakin cin abinci a kulle, hostel tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani ɗan ajinmu farar fata da muke aikin lab tare ya ce mahaifiyarsa ta ce ya taho da ni garinsu. Tafiyar awa biyu ce a mota, gonakin masara da aka girbe hagu da dama, ƙanƙara ta rufe su fari fat. Da safe na duba waya na ga 20, na ce ai da sauƙi, na zura 'yar rigar sanyi mara nauyi. Ashe ma'auninsu na Faranhait ne, wato wajen 7 ƙasa da sifili a namu lissafin. Wannan ma labari ne daban.

Muna isa kare ya fara tarbata, ƙato, kuma kujerar da aka nuna mini in zauna ita ce wadda ya tashi daga kai. Na daure. Ƙarfe biyu na rana aka zauna cin abinci: gasasshen talotalo guda sukutum, dankalin turawa da aka kirɓa, wani jan abu mai tsami kamar an dafa zoɓo ya yi kauri, sai kabewa da aka yi kek da ita aka zuba mata sukari. Kabewar miyar taushe fa! Kowa shi yake zuba wa kansa. Ni kuwa yaron kirki, na ɗan tsakuri kaɗan kamar yadda aka koya mini, don kada a ce baƙo ya zo da yunwar shekara. Na cinye cikin minti biyar. Uwar gidan ta ce in ƙara. Na ce a'a, na gode, na ƙoshi.

Ta ce to. Shi ke nan fa. Ta ɗauke farantina.

Ina zaune ina jiran ta sake cewa haba ɗan nan, me ka ci? Ina jiran ta zuba mini da ƙarfi ina cewa ya isa, ya isa. Shiru. Aka koma falo kallon ƙwallonsu ta dambe da hular kwano. Dare ya yi ba a sake ɗora tukunya ba, don su wannan cin na rana shi ne na yinin. Da za a kwanta ta nuna mini firij ta ce duk abin da nake so in buɗe in ɗauka. Jama'a, ni in buɗe firij ɗin gidan mutane da dare? Ɗakin da aka sauke ni bango ɗaya ne tsakaninsa da kicin. Na kwana ina jin ƙugin firij, cikina yana ba shi amsa.

Tambayata ga waɗanda suka daɗe a nan: rowa ce, ko rashin iya karɓar baƙo ne, ko ni ne ban waye ba?

Kanawan Dabo:
Wallahi na yi dariya har da ƙwalla. Kunyar mara kunya asara ce, an faɗa maka tun a gida.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da yunwa. Ba rowa ba ce, kuma ba su raina ka ba. Shekarata shida a Ohio, kuma ban san wani namu da bai taɓa faɗawa wannan ramin ba.

Mu a gida "a'a" ta farko ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Mai gida ya san da haka, kai ma ka sani, shi ya sa ake ja-in-ja har sau uku kafin a zuba maka. Su kuma an raine su a kan cewa idan mutum ya ce a'a, matsa masa rashin ladabi ne. Wataƙila ba ya cin abin, wataƙila yana da wata cuta, wataƙila yana rage ƙiba, kuma ba huruminka ba ne ka tambaya. To matar nan da ta ɗauke farantinka, a ganinta mutunta ka ta yi. Maganar firij kuwa, a wurinsu ita ce ƙarshen karamci. Ta mai da kai ɗan gida ke nan. Da ka tashi tsakar dare ka yanki naman nan ka ci, da safe murna za ta yi.

Ni nawa ya fi naka muni. Satina na farko wata maƙwabciya ta gan ni a tashar bas da ciki wata bakwai, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, ta tsaya ta ce in shigo ta kai ni. Na ce a'a kada in wahalar da ke. Ta ce to, ki kula da kanki, ta ja motarta. Minti arba'in na yi a wurin ina kuka.

Na Gida Kaduna:
Ni fa ban yarda da wannan kwaskwarimar ba, Hajiya. Duk inda ɗan Adam yake ya san fuskar mai jin yunwa. Yaro ya ci loma biyar, ka gani da idonka, ka ce wai ka mutunta shi? Mu nan ko almajiri ya yi sallama ba a tambayarsa ko ya ƙoshi. Mutanen da kowa ya kama gabansa, ɗa ya kai shekara 18 a nuna masa ƙofa, uwa ta tsufa a kai ta gidan gajiyayyu, su za a ce suna da karamci? Abin da nake tsoro shi ne ku je can a goge muku kunya ku dawo mana kuna buɗe tukunyar surukai. Kunya dai wani yanki ce na imani, wannan hadisi ne, ba ra'ayina ba.

Almajirin Malam:
Kafin a je ga kunya, ni tambayata ɗaya. Talotalon nan wa ya yanka shi?

Kanawan Dabo:
To fa. An zo wurin.

Almajirin Malam:
Ba tsokana ba ce. Na san ayar Ma'ida ta 5 ta halatta abincin Ahlul Kitabi, amma malamai da yawa sun yi magana a kan naman kamfani da inji ke yankawa ba a ambaci sunan kowa ba. Wasu sun sauƙaƙa, wasu sun tsananta. Ya kamata mai tafiya ya san matsayarsa tun kafin ya zauna a teburin mutane. Kuma ku kula da abin da suke barbaɗawa a kan fiza mai kama da yankakken tsire ja, yawancinsa alade ne, haka ma wasu alewoyi masu danƙo.

Mai Kula da Zaure:
Malam an gode, tunatarwa ce mai kyau. Amma mas'alar yanka mun yi ta a nan har sau biyu ba ta ƙare ba. Wanda yake so ya buɗe mata nata zaren. A ci gaba da maganar baƙunci.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, na ce bari in sa baki ko da rubutuna a hankali ne.

Na yi karatu a Wisconsin daga 1982 zuwa 1985, lokacin naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, ku ji da kyau. Babu wayar hannu, wasiƙa sai ta yi sati uku kafin ta isa Katsina. Azumi kuma a tsakiyar bazararsu yake faɗowa, Yuni zuwa Yuli, muna kai wajen awa 17 ba ci ba sha, rana ba ta faɗuwa sai tara saura. Ku yanzu da yake zuwa muku a ƙarshen hunturu ku gode wa Allah.

Ɗana na Kaduna, maganarka akwai gaskiya a ciki amma ka haɗa abu biyu. Kunyar da hadisi ya yaba ita ce wadda take hana ka aikata abin ƙi. Wadda ta hana yaron nan cin abinci sunanta kara, ko fulako in ka so. Al'ada ce mai kyau, amma sai da wanda ya san ta take aiki. Kamar kuɗin goro ne, in ka kai shi kasuwar da ba a san goro ba, ba ka da abin sayayya.

Zan ba ku nawa. Malamin da ya duba aikina dattijo ne, ya girmi mahaifina. Ranar farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa na yanka, gatsau. Ni da na tashi a gidan da mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa furta sunan yayanmu ba saboda ɗan fari ne. Bakina ya ƙi. Shekara uku ina ce masa Farfesa, ya gaji ya ƙyale ni. Wannan bai cuce ni da komai ba. Wanda ya so ya cuce ni shi ne sunkuyar da kai. Duk lokacin da yake mini magana idona yana ƙasa. Sai wata rana sakatariyar sashen, baƙar fata ce 'yar Mississippi, ta ja ni gefe ta ce, yaro, mutumin nan yana zaton kana ɓoye masa wani abu ne, ko kuma ba ka fahimtar abin da yake faɗa. Ta ce su ma a Kudu an koya musu irin wannan ladabin, amma a ofis ɗin nan ka ɗaga kai ka dube shi. Na koyi kallon tsakanin girarsa. Da na dawo gida kuma na yi wa kawuna irin wannan kallon, ya ce Amurka ta cinye yaron nan.

Na Gida Kaduna:
Allah ya ƙara girma Baba. Na karɓi gyara a kan hadisin. Amma ƙarshen labarinku ai shi ne abin da nake faɗa.

Ɗan Fagge a Minnesota:
Baba, kamar kuna ajinmu. Akwai kwas ɗin da nake yi, a takardar tsarin kwas da aka raba mana ranar farko an rubuta cewa kashi 15 na maki daga magana a aji yake. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Ina zuwa da wuri, in zauna a gaba, in rubuta komai, ban taɓa katse malama ba. Yaran nan kuwa wani ƙafarsa a kan kujera, wani yana cin sanwic, wata ta ce wa malama kai tsaye ita ba ta yarda da bayaninta ba. Na ce a raina waɗannan sun gama faɗuwa. Da aka fitar da makin tsakiyar zango, mai sanwic ya fi ni. Malamar ta rubuto mini cewa rubutuna yana da kyau amma ba ta san muryata ba, in zo ofishinta a sa'o'in da ta ware wa ɗalibai. Ni a sanina ba a kiran ɗalibi ofis sai ya yi laifi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Da na je, shayi ta ba ni, ta tambaye ni yadda ake koyar da lissafi a Kano.

Na karɓi shayin dai, kafin wani ya tambaya.

Maman Biyu:
Madalla, an fara samun ci gaba.

Amma bari in juya maganar, don akwai ɓangaren da ya fi yunwar dare ɗaya haɗari. Matsalarmu ba ta tsaya ga cewa a'a alhali muna so ba. Muna kuma cewa to alhali ba ma so, kuma wannan ita take kai mutum ƙasa.

Shekara biyu da suka wuce wani yaro namu, mai ƙoƙari sosai, ɗan ƙasarsu ya zo masa da dare ya ce bai gama aikin kwamfuta da aka ba su ba, ya tura masa nasa ya ɗan duba. Yaron ya san bai kamata ba, amma ta yaya zai kalli wanda ya girme shi, wanda ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya ce masa a'a? Ya tura. Wancan ya sauya sunaye biyu uku ya miƙa. Suna da manhajar da take gwada aikin ɗalibai da juna, ta kama su nan take. A dokar makarantun nan wanda ya bayar da wanda ya kwafa duk laifinsu ɗaya. Aka kira su gaban kwamiti. Yaron yana ta bayanin cewa taimako ya yi, su kuma ba su da gurbin da za su sa wannan kalmar.

Abin da sababbin zuwa ba sa ganewa shi ne, ga mai bizar ɗalibi ta F-1 maganar ba ta tsaya a maki ba. Dole ka riƙe cikakken karatu, wato kwasa-kwasan da nauyinsu ya kai kiredit 12 a zango ga mai digirin farko, masu digiri na biyu yawanci 9. Aka dakatar da kai ko ka sauka ƙasa da haka ba da izinin ofishin ɗaliban waje ba, takardarka ta I-20, wadda makaranta ta ba ka shaidar kai ɗalibinta ne, ta shiga matsala, zamanka a ƙasar ya shiga matsala. Haka maganar aiki: awa 20 a mako, a cikin makaranta, lokacin da ake karatu. Wani ɗan uwa zai ce zo ka ɗan tsare mini shago ranar Asabar in ba ka na hannu, kunya ta hana ka ƙi. Ranar da abin ya fito ba shi za a tambaya ba.

Yaron dai Allah ya taimake shi, sifili aka ba shi a aikin da gargaɗi a fayil. Har yau ba sa magana da wancan.

Kanawan Dabo:
Wannan kam ba abin dariya ba ne. Amma Anti, a gida ma ai satar amsa laifi ce.

Maman Biyu:
Laifi ce a takarda. Ka taɓa ganin an hukunta wanda ya ba abokinsa asamen ya kwafa?

'Yar Damagaram:
Ina gaida Baba, ina gaida kowa. Ni a Greensboro nake, North Carolina, inda mu 'yan Nijar muke da yawa har in ka shiga wasu shaguna Zabarmanci da Hausa za ka ji. Karatun jinya nake.

Abu guda da ya dame ni da na zo: mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da "ku" na girmamawa a can ma, kamar a Hausa. Ingilishi babu. Kalmar da za ka ce wa yaro ɗan shekara uku ita za ka ce wa tsohuwa mai shekara casa'in. Wata shida ina jin kamar zagin mutane nake.

Amma ina so in ɗan tsaya wa ɗan uwanmu na Kaduna, don kada a mai da komai "al'adarsu ce daban". Na yi aikin koyon sana'a a gidan tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka, 'ya'yanta uku, duk suna da rai, suna da aiki mai kyau. Katin gaisuwa suke aiko mata, ta jera su a taga. Ranar bikin Godiyar nan da kuke magana, tun safe ta sa aka gyara mata gashi ta zauna tana kallon ƙofa. Ba wanda ya zo. Da na ce mata bari in kira babbar 'yarta, ta riƙe hannuna ta ce kada in dame su, suna da rayuwarsu. To wannan "a'a" ɗin fa? Ita ma ba ta kai zuci ba. Su ma suna da karar, a wani wuri dai suka ajiye ta. Ba sa son a ce sun zama kaya a wuyan wani, ko da 'ya'yan cikinsu ne. Ni dai ban kira ba, don doka ba ta ba ni ba, amma na zauna da ita har ta yi barci.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ban taɓa tunaninsa ta nan ba.

Na Gida Kaduna:
Kin gama magana. Ni abin da nake nufi ke nan ban iya faɗa ba.

Maman Biyu:
Gaskiya ne, amma a yi adalci. Na san wata abokiyar karatuna da ta ajiye digirinta shekara guda ta koma jinyar mahaifinta. Kuma mu ma mu duba gida, tsofaffi nawa ne suke bara a bakin masallaci da danja alhali suna da 'ya'ya? Namu ba a gina musu gida an sa allo ba ne kawai.

Ɗan Zango a Bronx:
Salam. Ni daga Kumasi, shekara 11 a New York, da dare nake karatu da rana ina tuƙi. Kuna ta cewa Amurkawa kaza, Amurkawa kaza. Wace Amurka? Ƙauyen Minnesota daban, Bronx daban. Nan ka shiga gidan ɗan Dominika ko baƙar fata 'yar Kudu ka ce ka ƙoshi, wallahi sai ta cika maka faranti ta kuma ƙulla maka wani a leda. Unguwarmu ranar Juma'a kamar Nima ko Sabon Zango, ga waakye ga tuwo ga koko. Mutanen jihar da kake, ƙanena, yawanci jikokin Jamusawa da 'yan Norway da Sweden ne, an san su da murmushi da rashin son takura wa mutum. Su kansu sauran Amurkawa suna tsokanarsu da haka.

Abin da ni ya ba ni mamaki daban ne. A gida ni Bahaushe ne, ɗan Zango, Musulmi. Ranar da na cike fom na farko a nan na ga akwati an ce in zaɓi launi. Tun daga ranar na zama baƙi kawai. Kuma wannan akwai karatun da yake tafe da shi wanda ba a aji ake yin sa ba. Ɗan sanda ya tsayar da kai, kada ka fito daga mota kana gaisuwa kana murmushi kamar a gida. Kashe mota, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka laluba aljihu sai ka faɗa masa abin da za ka ɗauko. Ba a cewa yallaɓai a yi haƙuri, ba a miƙa komai. Wannan ka riƙe shi fiye da maganar talotalo.

Ɗan Fagge a Minnesota:
Na riƙe Yaya, na gode. Ko mota ban da ita tukuna.

Sabon Shiga:
Don Allah ni watan Janairu nake sa ran tafiya. Da gaske ne in an gayyace ka gidan abinci kai za ka biya naka?

Kanawan Dabo:
Da gaske. In bai ce shi zai biya ba, taho da katinka. Kuma kuɗin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya, sannan ka ƙara wa wanda ya kawo abincin kashi 15 zuwa 20.

Sabon Shiga:
Na goro dole? Ba albashi ake biyansu ba?

Ɗan Zango a Bronx:
A dokar tarayya mafi ƙarancin albashi dala 7.25 ne a awa, amma mai aikin da ake ba shi irin wannan kyautar an yarda a biya shi 2.13, sauran daga hannun masu ci yake fitowa. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu, wasu kamar Minnesota ma ba su yarda da ragin ba, amma al'adar tana ko'ina. In ba ka da na bayarwa, saya ka tafi da shi gida.

Mai Kula da Zaure:
Sabon Shiga, akwai zaren shirin tafiya a sama, duba can. Ɗan Fagge, ka yi shiru. Ka samu amsarka?

Ɗan Fagge a Minnesota:
Afuwan, ina lab ne. Kuma a can na samo ƙarshen labarin, wanda da ban ji shi ba ma ya fi mini sauƙi.

Bayan na karanta maganar Anti Maman Biyu sai na yi ƙarfin hali na faɗa wa abokin nawa gaskiya, cewa na kwana da yunwa a gidansu. Ya zaro ido, ya ajiye abin da yake hannunsa. Ya ce mahaifiyarsa tun ranar take tambayarsa ko abincinta ne bai yi mini ba. Ashe tun sati biyu kafin bikin ta sa shi ya binciko mata abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci. Ta tuƙa mota har Minneapolis, ta nemi shagon masu naman halal a wajen unguwar Somaliyawa, ta sa aka samo mata talotalon. Malam mai tambayar yanka, ga amsarka. Naman alade da suka saba haɗawa da shi duk shekara ta ce bana ba za a sa a teburin ba, har wani kawunsu ya yi ta ƙorafi. Giya ma a gareji maza suka je suka sha, ni ina zaton wani gyaran mota suke yi. Duk wannan ba wanda ya faɗa mini, wai kada in ji na ɗora musu nauyi.

Ni kuma na ci loma biyar na ce na ƙoshi.

Ya ce da daddare ta ware mini cinya guda a wani kwano ta rubuta sunana a jiki ta sa a firij, a gaba-gaba inda zan gani da na buɗe. Da safe ta tarar da shi yadda ta ajiye.

Maman Biyu:
Innalillahi. Kai ƙanena.

Almajirin Malam:
Allah ya saka mata, ya shirye ta. Na janye tambayata.

Na Gida Kaduna:
To ita ma ai laifinta ne, da ta faɗa. Wa zai sha wannan wahalar ya yi shiru? Amma dai ta yi ƙoƙari, ba zan ƙi faɗa ba.

'Yar Damagaram:
Kai da ka ce a yi kunya, yanzu kuma ka ce da ta faɗa?

Na Gida Kaduna:
Hajiya a bar tone-tone.

Ɗan Fagge a Minnesota:
Yanzu shawara nake nema. Na ce masa ya ba ta haƙuri, ya ce in rubuta mata kati da hannuna, wai sun fi jin daɗin haka. Zan yi. Amma ina ganin kati ya yi kaɗan. Ta ce in dawo hutun Disamba, ina so in je in yi musu girki. Matsalar ita ce abin da na iya bai wuce dafa-duka da indomi ba, kuma yajin da Umma ta ƙullo mini ya kusa ƙarewa.

Maman Biyu:
Dafa-dukar ta isa, amma ka rage attaruhu sosai, rabin abin da kake ganin kaɗan ne. Ka tambaya tukuna ko akwai wanda gyaɗa take yi wa illa a gidan kafin ka fito da yajin ƙuli, a nan ba wasa ba ne, tana kai mutum asibiti. In kana son ka burge ta, yi miyar taushe ta ga abin da ake yi da kabewa. Alayyafo akwai a kowane kanti, daddawa kuma ka duba shagunan 'yan Afirka ta Yamma a Brooklyn Park, ka ce musu iru ko dawadawa. Turo mini saƙo ta gefe in rubuta maka yadda ake yi.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Kuma in ka zuba musu suka ce ya isa, ka tsaya.

Ɗan Fagge a Minnesota:
In sha Allah Baba. Anti ga saƙo nan na turo. Bari in tashi, huɗu da rabi ta yi, har an kusa magariba a nan.